Tocilar da Ba Ta Yi Sallama Ba

Abin da na fara lura da shi da muka sauka a ƙofar gidan shi ne rumbun ba ya nan. Tun kafin in gama sallama a zaure idona ya tafi can ƙarshen tsakar gida, inda ya saba tsayawa da hularsa ta ciyawa a karkace, sai na tarar da duwatsun da yake zaune a kansu kawai, da tulin jar ƙasa wadda kaji suka yi wa ramuka. Kawu, ƙanen Ummata, ya ce damina biyu ke nan da zubewarsa, kuma babu wanda ya ga amfanin tada shi tunda babu hatsin zubawa. Mun zo ne mu kwashe kayan Inna, kakata ta wajen uwa, mu koma da ita Talata Mafara ta zauna tare da mu. Ƙauyen yana gaba da Damri kaɗan, kuma mutanensa sun ragu ƙwarai. Wasu sun koma Bakura, wasu sun bi dangi Maradun, saboda halin da kowa ya sani. Kawu ya zo da mota da igiya. Ni kuwa na zo da wata magana da na haɗiye tun ina aji huɗu na firamare, kuma na san in aka rufe gidan nan ban faɗa wa Inna ba, ba zan ƙara samun bakin faɗa ba. Maganar a kan wata tocila ce, da yadda aka yi kakana ya faɗa rijiya.

A da, in aka ba mu hutu, Umma kan haɗa ni da wata maƙwabciyarmu a motar kasuwa, a sauke ni a Damri, kakana Baba Tsoho ya ɗauko ni a bayan kekensa. Tun daga nesa ake jin garin kafin a gan shi. Turmi na amsa wa turmi daga gida zuwa gida, guga na bugun bakin rijiya, tattabaru na gunaguni a cikin tukwanensu, wata tsohuwa na can tana kiran akuyarta da sunan da ta raɗa mata. Aikina ba shi da yawa. In share tsakar gida da safe, in kai wa tumaki dusa, in tsince tsakuwa daga cikin shinkafa, in riƙe wa Inna ƙwarya in tana sheƙa, iska na watsa mana ƙaiƙayi a gashin ido. Da magariba ta yi kuwa, sai gari ya cika da ƙananan haske. Maza na tafiya masallaci kowa da tocilarsa, hasken na rawa a jikin katanga, har ta kai ina gane mutum da haskensa kafin in ji muryarsa. Na liman fari ne mai sanyi. Na mai shayi kullum a galabaice yake, don ba ya canza batir sai ya mutu. Na kakana kuwa ƙasa yake kallo, don ya ce haska fuskar mutum rashin kunya ne. Yanzu kowa da fitila a jikin wayarsa, gidaje da yawa da farantin sola a kan rufi, amma garin ya fi da duhu. Da an idar da isha'i kowa ke kashe abin da ya kunna, don ba a son a hango haske daga daji.

Hawainiya Baba Tsoho yake kirana. Ya ce tafiyata a hankali, bakina a rufe, amma idona ɗaya na gabas ɗaya na yamma. In baƙi suka zo na laɓe a bayan zanen Inna, sai ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Kun ga wagga? Ta riga ta ƙirga maɓallan rigunanku duka, ta san wanda nashi ya ɓalle. Amma ku tambai ta sunanta ku gani, sai kun kwana nan." A yi ta dariya, ni kuwa in ƙara nutsewa cikin zane. Gaskiya ya faɗa. Ina ganin abubuwa da yawa, amma tsakanin idona da bakina akwai wata doguwar hanya da maganata ba ta cika kai wa ƙarshenta ba.

Mutum ne mai tsari da batir, irin tsarin da ban ƙara gani wurin kowa ba. Yana da wani babban gwangwani a ƙarƙashin gadonsa, da ƙusa a ciki. Sabon batir tocilar fadama yake fara shiga. In ya yi rauni, sai ya ja masa layi ɗaya da ƙusar, ya sauke shi zuwa rediyo. In rediyo ya fara shaƙewa kamar mai mura, a ƙara layi, a ba Inna ta sa a tocilarta ta madafa. In can ma ya gaza, a shanya shi a rana a kan murfin kwano, ya ɗan farfaɗo ya ƙara kwana ɗaya ko biyu. Sai ya mutu murus ake ba ni, in fasa shi da dutse, in ƙulle baƙin garin cikinsa a leda in kai makaranta a shafe allo da shi. Tocilar fadamar baƙar roba ce doguwa, manyan batir uku take ɗauka, da ƙananan idanu biyar masu farin haske. Kafin ita ya yi zamani da ta ƙarfe mai ƙwai, mai haske rawaya, wadda ya ce ta fi ɗan dako ci, kwana uku ta cinye abin da aka ba ta. Wannan kuwa sai ta yi makonni, shi ya sa yake ji da ita.

Dalilin duk wannan kulawa fadama ce. Yana noman albasa da rani, kuma su huɗu ne suka haɗa injin ban ruwa ɗaya, kowa da ranarsa. In ranarsa ta zo, tun kafin kiran asuba yake fita, don ya shayar da shuka kafin rana ta yi zafi, ya yi sallarsa a can. Hanyar siririya ce, ta ratsa tsakanin rijiyoyin fadama, irin waɗanda ake haƙawa da hannu ba a yi musu baki. Ba su da zurfi can, amma sun shanye tsayin mutum. Saboda haka duk magaribar da zai wayi gari da ban ruwa, sai ya tsaya a ƙofar ɗakinsa ya haska rumbu. A jikin rumbun akwai wata tsaga mai kamar sawun kaza. In ya ga tsagar sarai, batir na da rai, zai kai shi ya dawo da shi. In ya ga rumbu bai ga tsaga ba, to saura tafiya ɗaya. In rumbun ya koma inuwa, sai a ɗauko ƙusa. Shekara da shekaru wannan gwaji bai taɓa ba shi kunya ba. Yakan ce, "Tocila mai mutunci ba ta tahiya sai ta yi sallama. Tana rage murya, tana rage murya, har ka shirya."

A hutun bazarar nan da nake magana, Kawu ya zo daga Maradun da tsaraba. Tocila ce gajeruwa ta ƙarfe, mai sanyi a hannu, ido ɗaya tak gare ta, kuma batir ɗinta ƙanana ne guda uku kamar yatsuna.

"Baba, ka aje waccan tsohuwar haka nan," in ji Kawu. "Wagga in ka haska ta daga nan, mutanen Bakura sai su tashi su yi alwala, su ɗauka gari ya waye."

Baba Tsoho ya jujjuya ta. "Ido ɗaya? Tawa biyar gare ta. Kai ka zo mani da mai ido ɗaya ka ce ta hi?"

Inna ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. "Ka karɓa mana, ai kun dace. Kai ma ido ɗaya ya rage maka mai aiki."

"Ji ta," ya ce. "Da mai lahiyar na zaɓo ki, kin ga ashe shi ma ba abin yarda ba na."

Da magariba ya tsaya a inda ya saba ya danna. Ba tsagar kaɗai muka gani ba, har saƙar gizo-gizo da ke cikinta, da jerin tururuwa suna hawa. Ya yi salati, ya kashe, ya sake kunnawa. A ranar ya rataye tsohuwar a ƙusar bango, sabuwar ta koma ƙarƙashin matashinsa. Da ya ba ni in riƙe, na ji kanta ya yi ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi daga kai. Tsohuwar ba ta taɓa yin ɗumi ba. Na lura, ban ce komai ba.

A cikin makon kyanwar gidan ta haihu a ƙarƙashin rumbu, can ciki tsakanin duwatsu inda rana ba ta kai. Ina jin kukan 'ya'yan siriri kamar ƙarar ƙofa, amma ba na ganinsu. Tsakanin azahar da la'asar Baba Tsoho kan yi barci a gindin dogon yaro, Inna kuma ta tafi maƙwabta kitso ko hira. Sai na lallaɓa na zaro sabuwar tocila, na kwanta rub da ciki a cikin ƙaiƙayi, na haska. Su huɗu ne, uku masu toka ɗaya fari da baƙin kunne, idanunsu a liƙe. Na ƙudurta sai na ga ranar da za su buɗe ido. Kullum in koma, in daɗe ina kallon yadda suke ture juna wajen nono, yadda uwar ke lashe su tun daga kai har wutsiya, tocilar na ƙara zafi a tafin hannuna. Ban ɗauka ina cin komai ba. A sanina tocila makonni take yi, kuma haskenta bai ragu ko kaɗan ba.

A rana ta huɗu, ina cikin kallo, hasken ya ƙifta. Sau uku, a jere, kamar mai yi mini ishara da ido, sannan ya tsaya cak kamar ba abin da ya faru. Na ɗauka na lalata ta. Na yi abin da na ga manya na yi: na zare batir ɗin, na jera su a kan murfin kwano a bayan madafa, rana ta gasa su har suka yi zafin da ba na iya riƙewa, na mayar kafin a kira la'asar. Na danna a cikin ɗaki, haske ya fito fes kamar ranar da aka kawo ta. Na tura ta ƙarƙashin matashi na fita ina jin na tsira.

Washegari ranar ban ruwansa ce. Saboda haka a ranar da ta ƙifta ɗin, bayan magariba, ya fito da tocilar, ya tsaya a ƙofar ɗaki. Na ga ya duba bakin gilashin, ya hura shi, ya goge da babban yatsa, sannan ya dube ni. Ya haska rumbu. Ya kashe, ya ɗan jira, ya sake haskawa, abin da bai saba yi ba.

"Hawainiya, taho ki ara mani idonki. Kin ga tsaga?"

"Na gani."

"Sarai?"

"Sarai."

"To mi kuma kinka gani?"

Maganar ta taso har maƙogwarona. Kalma uku ce ko huɗu: ɗazu ta ƙifta. Amma in na faɗa sai a tambaye ni a ina na gani, sai a san na shiga ɗakinsa na ɗaga matashinsa. Ba dukana zai yi ba, bai taɓa ba. Kunyar kawai nake gudu, kada Inna ta ji, kada a ba baƙi labari a yi dariya.

"Ba komi," na ce.

Ya yi murmushi ya dafa kaina. "Kullum ba komi."

Ban ji fitarsa ba. Salatin Inna ne ya tashe ni, rana ta riga ta fito. A kan amalanke aka kawo shi, rigarsa sharkaf da laka, leɓensa ya yi fari. Wanda zai karɓi injin a bayansa ne ya ji murya daga ƙasa. Tun kafin asuba yake cikin rijiyar, ruwa iya gwiwa, ƙugunsa a karye, yana kira har muryarsa ta dushe. Da masu gaisuwa suka cika ɗakin, ina laɓe a bayan ƙyaure na ji yana ba su labari. Ya ce yana tafiya haske tar a gabansa, har yana ganin raɓa a kan ciyawa, sai kawai kamar an jefa masa bargo a ka. Babu wata, idonsa kuma ya riga ya saba da farin hasken, bai ga ko tafin hannunsa ba. Ya ce ai hanyar shekara arba'in ce, bari ya taka da sani. Taku uku ya yi.

"Ba ta rage murya ba," ya ce musu. "Ba ta yi sallama ba."

An kira maɗori, daga baya aka kai shi asibiti, aka dawo da shi. Ƙashin bai kama ba, sanyin ruwan kuma ya sauka a ƙirjinsa. Albasar ta bushe a fadama. Ranar da zan koma makaranta aka ce in shiga in yi masa ban kwana. Na tsaya a bakin ƙofa, ɗakin na warin man zafi. Ya juyo da kai da ƙyar ya ce, "Hawainiya, ɗiyan kyanwa sun buɗe ido?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "To madalla." Na juya na fita da gudu. Da ruwan farko ya sauka, na dawo daga makaranta na tarar da tabarmin zaman makoki a ƙofar gidanmu.

Tun daga ranar babu wanda ya ƙara kirana Hawainiya. Na ci gaba da zuwa hutu, sannan zuwan ya ragu da hanya ta lalace. Inna na amsa gaisuwata cikakkiya, tana zuba mini abinci har da ƙari, amma ba ta ƙara cewa in zo in riƙe mata ƙwarya ba. Wannan ma na lura da shi. Na riƙa gaya wa kaina cewa tocilar ce mai lahani, haka kowa ya ce, har Kawu ya wurga ta a masai yana kuka. Wani lokaci in yarda, wani lokaci in kasa cin abinci.

A zangon da ya wuce ne, ina ajin ƙarshe na sakandare, malamarmu ta fiziks ta shigo da tocila biyu. Kirista ce da aka turo garinmu aiki, mai son ta nuna abu a gani da ido. Ta sa musu sababbin batir iri ɗaya a gabanmu, ta kunna, ta ajiye su a cikin kabad suna haska bango, ta ce duk bayan darasi a buɗe a duba. Ta farko tun kafin tara ta fara dushewa. Ta biyu kuwa tana nan tar.

"Malama, ai an gama," in ji wata daga bayan aji. "Waccan ta talakawa ta, a ba mu mai kyan."

"Ki bari a tashi tukuna," in ji Malama.

Kafin azahar muka buɗe muka tarar mai hasken ta mutu ɗif. Mai dushewar kuwa tana nan da ɗan haskenta kamar na garwashi, kuma washegari da safe ma ba ta gama mutuwa ba. Malama ta kwance kawunansu ta nuna mana. Ta farko babu komai a cikinta sai waya da wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa. Ta ce irin wannan abin da batir ya miƙo take karɓa. In ƙarfinsa ya ragu sai ta rage ci, haske ya ragu, shi ya sa take jan rai kwana da kwanaki a dushe. Ta biyu tana da ɗan faranti kore mai ƙananan ƙafafu. Aikinsa ya riƙe haske a wuri ɗaya komai halin da batir ke ciki. In batir ya yi rauni, maimakon ya sassauta masa sai ya ƙara matsa shi, ya tatse shi har ɗigon ƙarshe, sannan komai ya tsaya lokaci ɗaya. Ta ce babu wadda ta fi wata, kowace da aikinta, amma ba a auna ta biyu da ido. Ta ƙara da cewa haske mai ƙarfi tsada gare shi wurin batir: kafin ido ya ga an ɗan ƙara, tocila ta ninka cinta, wani kason kuma zafi yake zama ya tafi a banza, shi ya sa kan masu ƙarfin ke ɗumi. Ƙaramin batir kuma cikinsa bai kai rabin na babba ba, balle in mara nauyin nan ne mai araha, wanda ba ya jure a ja shi da ƙarfi.

A shekara shida da na yi a makarantar ban taɓa ɗaga hannu ba. Ranar na ɗaga. Ajin duka ya juyo yana kallona don mamaki.

"Malama, in aka shanya batir a rana fa?"

Aka fashe da dariya. Malama ba ta yi ba. Ta ce, "Kakata ma tana yi. In batir ya huta ya ji ɗumi yakan ɗan farfaɗo, amma rana ba ta zuba masa komai. A mai dushewa zai iya ja miki kwana ɗaya. A irin wannan kuwa zai ba ki cikakken haske na 'yan mintoci, ki ɗauka sabo ne." Ta ɗaga mai koren farantin. "Shi ya sa wasu masu ƙera ta suke sa ta ƙifta sau biyu ko uku in ƙarshe ya matso, don mai ita ya sani ya canza."

Ban ji sauran darasin ba. Ashe tocilar ta yi sallama. Ni ta yi wa, ina kwance cikin ƙaiƙayi, kuma Baba Tsoho ya tambaye ni da bakinsa.

Wannan ce maganar da na shigo da ita gidan da babu rumbu. Mun yi ta ɗaure kaya har azahar. Kawu na waje yana jera buhuna a mota, ni da Inna muka rage a ɗakin Baba Tsoho, wanda ba a taɓa komai a cikinsa ba sai shara. Gwangwanin na ƙarƙashin gado, da ƙusarsa. Tsohuwar tocila na rataye a bango inda ya bar ta. Na sauko da ita na kwance gindinta, batir ɗin sun kumbura sun yi farin gishiri, ko layi ɗaya babu a jikinsu. Da ransu aka rataye ta. Da ita ya ɗauka a ranar, da ta kai shi ta dawo da shi.

Inna na durƙushe tana ɗaure bakin wani buhu. Ta tsufa ƙwarai, jijiyoyin hannunta sun fito kamar saiwa. Na durƙusa a gefenta, na kafa idona a kan igiyar, don na san in na dubi fuskarta ba zan iya ba. Na faɗa mata duka, tun daga kukan 'ya'yan kyanwa har murfin kwano, har "ba komi". Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Ba ta ɗago ba. Ta ja igiyar ta ƙulle, ta sake ƙullewa.

"Ya sani," ta ce. "Ƙaiƙayi ya gani a bakin gilashi, ya ga sawun cikinki ƙarƙashin rumbu. Don haka na ya gwada har sau biyu."

"Bai san ta ƙihta ba, Inna."

"Wannan bai sani ba." Ta ture buhun gefe. "Ko kin hwaɗi, ban san ko shi ji ba. Mutumin da ya yarda da rumbunai ya hi yarda da likita. Amma da kin hwaɗi."

Hawaye suka zubo mini a kan tocilar da ke cinyata. Ba ta ce in yi shiru ba.

"Kwana uku kahin shi cika ya kira ni," ta ci gaba. "Ya ce kada wanda ya tambai yarinyar ga. In ta girma ta zo da ƙahwarta ta hwaɗi, ki ce mata na yahe tun ina cikin rijiya. In ba ta zo ba, ki bar ta, kada ki ɗora mata. To ga saƙonki, na sauke."

Sai a lokacin ta dube ni. Idanunta a bushe suke.

"Shekara takwas ina riƙe da shi. Ina ganin yadda kika raɓe-raɓe, kina tsakurar tuwo awa baƙuwa. Da na so, da na kira ki tun tuni na ba ki, wa za ya kama ni? Ban so ba. Shekara arba'in da biyar muna gidan ga, kullum sai ya tsokane ni kahin shi karya kumallo. Ke kin samu makaranta, kin samu Ummarki. Ni da wa zan yi hwaɗa da sahe? Shi ya yahe, Allah shi jiƙanai. Ni hushi nika yi."

A waje Kawu ya danna ham sau biyu, yana kiran mu yi sauri kada la'asar ta same mu a hanya. Inna ta dafa gwiwa za ta miƙe, ta kasa a karo na farko. Na ajiye tocilar na miƙa mata hannu. Ta dube shi jim, sannan ta kama. Tafinta da kaushi, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan. Da ta tsaya ban saki ba.

Na ce, "Inna, nashi na karɓa. Naki nika roƙo. Ba sai yau ba, ba sai lokaci ɗaya ba. Ki riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, ina iya jira. Amma in mun isa gida, ranar da za ki yi sheƙa, don Allah ki kira ni in riƙe maki ƙwarya."